Shin Ko Kun San? Filin Golf Ɗin Da Ke Maƙwabtaka Da Sabo

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin tsofaffin kulob-kulob na wasanni a Nijeriya yana nan gab da unguwar Sabo ta Ibadan? Shi ne Ibadan Recreation Club, wanda aka kafa a 1902. Da farko kulob ɗin Turawa ne zalla. Jami'an mulki da ma'aikatan jirgin ƙasa da wakilan kamfanonin ciniki su ne ke zama a ciki, baƙar fata kuwa in ya shiga, to aiki ne ya kai shi. Gaba kaɗan, cikin unguwar Onireke, nan filin Ibadan Golf Club yake shimfiɗe da ramukansa 18. Daga Sabo tafiyar ƙafa ce. Duk da haka akwai waɗanda aka haifa a Sabo, suka yi aure, suka yi jikoki, ba su taɓa leƙa shi ba, wasu ma ba su san da shi ba.

Ko kun san Turawa ba su ɓata lokaci ba wajen kafa Recreation Club ɗin? A 1893 sarakunan Ibadan suka sa hannu a yarjejeniya da Turawan Ingila, zamanin Baale Fijabi. A 1901 jirgin ƙasa ya iso daga Legas. Shekara ɗaya bayan isowar jirgi, kulob ya tsaya. Ya girmi zauren Mapo da aka buɗe a 1929, ya girmi jami'ar Ibadan ta 1948.

Shin ko kun san ya girmi ita kanta Sabo da shekara 14? A 1916 aka yanka wa Hausawa filin da ya zama Sabo. Kafin nan a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarabawa masu masauki, musamman kewayen kasuwar Oja'ba. Wasu tun ƙarni na 19 suke nan, masu kiwo da wanzamai da masu tukar igiya da fatake. Da jirgi ya haɗa Ibadan da Kano a 1912 sai baƙi suka yawaita, aka fara ƙorafin sace-sace, ana ɗora wa baƙin da ba a san asalinsu ba. Hukuma da sarakunan gari suka ga gara a tara 'yan Arewa wuri ɗaya ƙarƙashin sarkinsu, wanda zai san mai shiga da mai fita. Filin da aka zaɓa yana bayan gari ne a lokacin, kusa da filin sukuwa na Turawa.

A nan ne nake so mu ɗan dakata, domin nan zancen yake.

Shin ko kun san sauro yana da hannu a yadda filayen golf suka yaɗu a biranen Nijeriya? A 1897 wani likitan soja Bature, Ronald Ross, ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wannan ilimi ne na gaske, ya kuma ceci rayuka masu yawa. Amma likitocin mulkin mallaka sun ɗora wata fahimta a kansa. Suka ce jinin 'yan ƙasa, musamman na yara ƙanana, shi ne matattarar cutar, saboda haka maganin Bature shi ne ya nisanci gidan baƙar fata da dare. Gwamna Lugga ya mayar da wannan ya zama tsari, aka shigar da shi cikin dokar birane ta 1917. Tsarin ya ce a bar fili fetal mai faɗin yadi 440, wato kwatan mil, kimanin mita 400, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kada kowa ya gina gidan kwana a cikinsa. Suna ganin sauro ba zai iya ƙetare wannan tazara ba. Suka ƙara da wasu dalilai, wai gobarar daji da ƙarar ganguna.

To me za a yi da fili mai wannan girma da ba a gini a kansa? Sai aka mayar da shi wurin wasa. A ciki aka shata filayen sukuwa, da na ƙwallon dawaki, da na kurket, da na golf. Shi ya sa duk tsohon birnin da Turawa suka zauna, in kuka duba taswira, za ku ga abu uku jere da juna: unguwar Turawa mai itatuwa, sai filayen wasa, sai unguwar baƙi ko ta talakawa. Ku duba Ibadan da kanku. Ga Jericho da Onireke, ga filin golf da kulob, ga inda filin sukuwa yake a da, ga Sabo da Mokola. A ganina wannan shi ne tarihin filin golf ɗin nan na gaskiya. Tunani ɗaya ne ya haifi filin da unguwar, tunanin a ware mutane gida-gida, a sa ciyawa a tsakani. Bai kamata ɗan Sabo ya riƙa kallon filin nan a matsayin abin wasu can daban ba. Tarihinsa yana ciki, ko da kuwa daga bayan shinge aka rubuta shi.

Ko kun san abin da aka yi a Ibadan, an riga an yi irinsa a Kano, sai dai a juye? A 1913 aka kafa Sabon Garin Kano domin 'yan Kudu da sauran baƙi, su kuma Turawa suka zauna a Nasarawa da Bompai, da filin sukuwarsu da filin golf ɗinsu. Bayerabe a Kano yana Sabon Gari, Bahaushe a Ibadan yana Sabo, Bature kuma a garuruwan biyu yana buga ƙwallonsa a tsakiya.

Shin ko kun san filin wasa na Adamasingba, inda matasan Sabo ke zuwa kallon ƙwallo, a kan tsohon filin sukuwar nan aka gina shi? An buɗe shi a 1988, daga baya aka sa masa sunan Lekan Salami. Nan ne gidan Shooting Stars, ƙungiyar da ta fara ciyo wa Nijeriya kofin nahiyar Afirka na kulob-kulob a 1976. Marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya buga mata wasa, a Ibadan kuma ya ƙare rayuwarsa a 2012. Wato ɓangare ɗaya na tsohon filin Turawa ya koma hannun jama'a, kowa da kuɗin tikitinsa. Ɓangaren golf shi ne ya zauna a hannun 'yan ƙalilan.

Kun kuwa san abin da mutanen Sabo suka yi da ɗan filin da aka yanka musu? Sun mayar da shi cibiyar cinikin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna da su a 1962 da 1963, ya rubuta littafi sukutum a kansu wanda ya fito a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ya lissafa cewa a lokacin ana sayar da shanu kusan 75,000 kowace shekara a karar Ibadan. Saniyar da aka koro daga Arewa ba ta daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, dole a sayar da ita da wuri, mahautan gari kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Sai ciniki ya koma na bashi. Maigida shi ne ke saukar da mai shanu, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in mahauci ya ci amana. Babu banki, babu takarda, magana ce kawai da sanin juna. Goro ma haka. A tsince shi, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, a jera cikin ganye mai sanyi, a ɗaure huhu, a ɗora a jirgi zuwa Kano da Gusau da Nguru, a hanya kuma dole a riƙa duba shi kada ya bushe ko ya yi tsutsa. A farkon shekarun 1950 mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, a 1952 kuma suka fara sallar Juma'a a nasu masallacin. Duk wannan hada-hada tana gudana ne alhali can ƙetaren hanya wasu na bin farar ƙwallo cikin ciyawa, ba mai sanin halin da ɗan'uwansa ke ciki.

Shin ko kun san wani ɗakin otal a Legas ya taimaka wajen buɗe ƙofofin irin waɗannan wurare? A 1947 wani babban jami'in ofishin mulkin mallaka daga Landan, Ivor Cummings, ya sauka a otal ɗin Bristol, aka hana shi ɗaki saboda baƙar fata ne. Jaridu suka ɗauka, 'yan kishin ƙasa suka yi caa, har Gwamna Richards ya fito ya haramta wariyar launi a otal-otal da wuraren jama'a. Daga nan aka fara goge kalmar Turawa daga sunayen asibitoci da unguwanni da kulob-kulob. Unguwannin Turawa suka koma GRA. Likitoci da lauyoyi da alƙalai da manyan sojoji 'yan ƙasa suka fara shiga kulob, bayan 'yancin kai a 1960 kuma suka gaje su. Launin fata ya daina zama sharaɗi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne kuɗin rajista, da kuɗin shekara, da samun ɗan kulob da zai tsaya maka.

Ko kun san Ibadan na da filayen golf uku sanannu? Ban da na Onireke akwai Tiger Golf Club a barikin sojoji na Adekunle Fajuyi da ke Odogbo, wajen Ojoo. Akwai kuma mai ramuka 9 a harabar IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1967 a kan fili mai faɗin hekta kusan 1,000, a hanyar Oyo. Wannan cibiya ita ce ke bincike a kan rogo da masara da wake da doya, kuma manoman Arewa da dama sun shuka irin waken da ta inganta ba tare da sun san daga Ibadan ya fito ba.

Ga wasu a gurguje. Shin ko kun san a ƙasar Sikotilan wasan ya samo siffarsa ta yau? A 1457 Sarki James na Biyu ya haramta shi, saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma buga ƙwallo. A 1744 aka rubuta dokokinsa na farko, guda 13. A 1764 filin St Andrews ya rage ramukansa daga 22 zuwa 18, duniya ta bi sahu. Babbar gasa ta farko an yi ta a 1860 da mutum 8 kacal. Kulob mafi tsufa a wajen Birtaniya yana Kalkata ta Indiya, tun 1829, abin da ke nuna muku cewa duk inda mulkin Ingila ya sauka, da sandunan golf yake sauka. A nan gida, kulob-kulob ɗin Rayfield ta Jos, inda Turawan haƙar kuza suka zauna, da Sapele, garin katako, dukansu suna kafa tarihinsu a 1913. Na Kaduna ya biyo baya a farkon shekarun 1920. Ikoyi Club ta Legas kuwa a 1938 aka samar da ita, da aka haɗe kulob ɗin Turawa da kulob ɗin golf.

Shin ko kun san a golf wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya yi nasara? Ana buga ƙwallo daga mafari har ta faɗa rami, a ƙirga bugu nawa aka yi, a wuce rami na gaba. A yawancin filaye ƙwararre ana sa ran ya gama ramuka 18 da bugu 70 zuwa 72. Faɗin bakin ramin milimita 108 ne, ƙwallon ba ta wuce giram 46 ba, kuma ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 a jaka ba. Zagaye ɗaya yakan ci awa huɗu, da tafiyar kilomita da dama a ƙafa. Abin da ya fi burge ni shi ne, a wasan yau da kullum babu alƙali mai busa. Mutum shi ne ke faɗin bugunsa, in ya karya doka shi ne zai kai ƙarar kansa. Wanda ya taso a unguwar da aka gina cinikinta a kan amana ba zai ga wannan baƙon abu ba.

Ko kun san shekaru masu yawa yawancin filayen golf na Nijeriya ba su da ciyawa a kewayen rami? A Turai wurin da ramin yake lallausar ciyawa ce da ake askewa kullum, ana ba ta ruwa. A Kano da Kaduna da Jos, har ma da Legas, ruwan da za a yi wannan hidima da rani bai samu ba, sai aka nemi wata dabara. A tankaɗe yashi, a kwaɓa shi da baƙin mai, a shimfiɗa shi zagaye, a daddaɓe. Idan 'yan wasa suka iso, wani ma'aikaci zai ja buhu ko shimfiɗa a kan yashin ya share sawun ƙafa daga ƙwallo zuwa rami, sannan a buga. Da rana ta take, ƙamshin man yana tashi, takalmi yana ɗaukar baƙi. Ƙwallo a kan irin wannan yashi ba ta karkata sosai, tana tafiya ɗoɗar, shi ya sa ƙwararrun Turai da suka zo suka riƙa yin abin mamaki a kansa. Daga baya kulob-kulob da dama suka haƙa rijiyoyin burtsatse suka koma ciyawa.

Shin ko kun san akwai lokacin da manyan 'yan golf na duniya ke zuwa Nijeriya duk shekara? Gasar Nigerian Open ta fara a 1969, galibi a Ikoyi ake yin ta, cikin jerin gasannin da 'yan wasan Turai ke zagayawa a Afirka lokacin da sanyi ya rufe filayensu. A 1973 David Jagger ya gama ramuka 18 da bugu 59 a wasan share fage na gasar. A 1978 Sandy Lyle ya ci kofinsa na farko na ƙwararru a nan, kafin ya je ya ci manyan gasannin Birtaniya da Amurka. A 1981 Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255, wanda a lokacin ba a taɓa yin irinsa ba a duniya. Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji, ya ci gasar a 1988 da 1989, a 2004 kuma ya zama na ɗaya a duniya. Amma wanda na fi so ku riƙe sunansa shi ne Lee Elder, baƙar fatan Amurka, maraya, wanda ya fara da ɗaukar wa mutane jaka. Ya ci Nigerian Open a 1971. Shekara huɗu bayan haka, a 1975, ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a Augusta. Ku tuna, ƙungiyar ƙwararrun golf ta Amurka sai a 1961 ta soke dokarta da ta ce farar fata kaɗai ke zama ɗan ƙungiya.

Wannan ya kawo mu ga mai ɗaukar jaka, wanda a wurina shi ne gwarzon wannan wasa da ba a cika ambata ba.

Shin ko kun san ɗaukar jaka ba dako ba ne kawai? Yaron da ke rataye da jakar sanduna yana tafe a bayan maigidansa, shi ne ya san filin ciki da bai. Ya san nisan kowane rami daga kowace bishiya. Zai tsinki ciyawa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa. Idan aka iso kusa da rami zai tsuguna a bayan ƙwallo, ya runtse ido ɗaya, ya ce a buga ta ɗan hagu da taki ɗaya, ƙasa za ta dawo da ita. Yadda dillali a kara ke duban sa sau ɗaya ya faɗi naman da zai bayar, haka shi ma yake karanta ƙasa. Ilimi ne da ake samu da ido da ƙafa, shekara da shekaru. Kuma da yamma, in manya sun shige ciki shan lemo, yaran nan sukan ɗauki tsohuwar sanda su yi ta gwadawa.

Ta wannan ƙofa talaka ya shiga golf a ko'ina. Francis Ouimet ɗan talakawa ne da gidansu ke ƙetaren titi da wani kulob na attajirai a Brookline ta Amurka. Ya ɗauki jaka a nan, a 1913 kuma yana da shekara 20 ya ci gasar US Open a filin, ya doke manyan gwanayen Ingila, wani yaro ɗan shekara 10 na ɗauke da jakarsa. Seve Ballesteros na Sifaniya ɗan manomi ne, ya ɗauki jaka, ya koyi bugu a bakin teku da tsohuwar sanda guda. Papwa Sewgolum a Afirka ta Kudu ya ɗauki jaka a Durban, ya ci gasar Natal Open a 1963 da 1965. An taɓa miƙa masa kofi a waje cikin ruwan sama, saboda dokar wariyar launi ta hana shi shiga zauren kulob. A Nijeriya ma yawancin ƙwararrun farko daga ɗaukar jaka suka taso. Peter Akakasiaka ya kai har gasar Open ta Birtaniya a 1988, shekarar da shi Ballesteros ya ɗauki kofin.

To me ya hana yaran Sabo? Ba ƙarfi ake nema ba, ba tsawo ba. Ido ake nema, da haƙuri, da natsuwa, da damar taɓa sanda tun ana ƙarami. Damar ce babu. Ina kira ga shugabannin kulob ɗin Onireke da su ware wa makarantun Sabo da Mokola da Ekotedo rana guda a wata, a kawo yara maza da mata su ga filin, a ba su tsofaffin sanduna da ƙwallaye su gwada. Ina kira ga iyayenmu na fadar Sarkin Hausawa da attajiran canji da 'yan kasuwar unguwa da su ƙwanƙwasa ƙofar da kansu, kada su jira a kira su. Kuma duk yaron da zai ɗauki jaka, a tabbata bai bar makaranta ba, boko da allo, domin cikin masu ɗaukar jaka kaɗan ne ke zama ƙwararru, saura kuwa karatun ne zai riƙe su.

Kada wani ya ce ai wasan Turawa ne, ba namu ba. Shin ko kun san ƙwallon dawaki ma Turawa ne suka kawo ta, amma Arewa ta karɓe ta har ta fi su? Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ne ya dasa ta a Katsina a shekarun 1920. Ɗansa, Sarki Usman Nagogo, ya kai matsayin da har yau ake ba da labarinsa a wasan. A nan Ibadan akwai filin ƙwallon dawaki a Eleyele, kuma in kuka je bargar dawakin za ku ji Hausa na tashi, domin 'yan Arewa ne da yawa ke kiwon dawakin da horar da su. Abin da ya bambanta shi ne doki muna da shi tun kaka da kakanni, kuma sarakuna sun shige gaba. Golf bai samu wanda zai shige masa gaba a cikinmu ba.

Ko kun san filin golf yana yi wa gari aiki ko da ba ka taɓa riƙe sanda ba? Ibadan gari ne na tuddai da rafuka, kuma ya sha ambaliya. Ta kogin Ogunpa a ƙarshen Agustan 1980 da ta 26 ga Agustan 2011 sun ci rayuka da dukiya mai yawa. Duk inda aka malale ƙasa da siminti da kwalta, ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai ya kwarara cikin kwata da gidaje. Fili mai ciyawa da itatuwa a tsakiyar gari yana shanye ruwa, yana rage zafi, tsuntsaye na samun mafaka. Filaye irin wannan a manyan biranenmu kullum idon masu gine-gine na kansu. In har wata rana aka ji ana zancen yanka wannan fuloti-fuloti, mutanen Sabo na cikin waɗanda ya kamata su fara magana, domin su ne maƙwabta.

Shin ko kun san an taɓa buga golf a duniyar wata? Ɗan sama jannatin Amurka Alan Shepard ne ya yi haka a Fabrairun 1971. Kuma wasan ya dawo gasar Olamfik a 2016, bayan rabonsa da ita tun 1904.

Idan Allah ya sa kuka samu shiga kallo a Onireke, ga abin da za ku kiyaye. Ana son riga mai kwala da takalmi rufaffe, don haka ku tambayi ƙa'idar sutura tun daga bakin ƙofa. Idan ɗan wasa ya tsaya zai buga, a yi shiru, a kashe ƙarar waya, kada a tsaya a gabansa ko daf da bayansa. Idan kuka ga ƙwallo a cikin ciyawa kada ku ɗauka, ta wani ce, yana nan tafe, kuma doka ta ba shi minti uku ne kacal ya neme ta. Idan kuma kuka ji an ƙwala ihu daga nesa, ku sunkuya ku rufe kai da hannu, ƙwallo ce ta kauce hanya, tana kuma da tauri ƙwarai.